Darasi na Tara: Ciwon Dasashi, Tiyata ko Hasken Leza?

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda ciwon dasashi ke farawa har ya kai ga zubewar haƙora;
2. faɗin yadda ake tiyatar dasashi da yadda ake aiki da hasken leza;
3. kawo amfani da naƙasun kowace hanya;
4. sanin tambayoyin da zai yi wa likita kafin ya amince a yi masa aiki.

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka tsufa ne ke zubar da haƙora. Idan dattijo ya yi giɓi, sai a ce shekaru ne. Amma sau da yawa idan aka duba haƙorin da ya faɗi, sai a tarar lafiyarsa lau, babu kogo, babu tsaga. Abin da ke riƙe da shi ne ya lalace, wato dasashi da ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna fama da ciwon dasashi mai tsanani, mutum sama da biliyan ɗaya ke nan.

Idan ciwon ya yi nisa, hanyoyi biyu ake yawan ambata. Akwai tiyata, wadda an fi shekara ɗari ana yin ta. Akwai kuma hasken leza, wanda ake tallata shi da cewa babu yanka, babu ɗinki. Wannan darasi zai auna su biyun. Abin da za mu riƙe tun daga farko shi ne, wuƙa da haske duk kayan aiki ne a hannun likita. Dasashi ba ya warkewa sai an fitar da dattin da ke ƙarƙashinsa, an kuma hana shi sake taruwa.

Abin da ke riƙe da haƙori

Haƙori kashi biyu ne: kan da muke gani, da saiwar da ke binne a cikin ƙashin muƙamuƙi. Wasu siraran zaruruwa ne suka ɗaure saiwar da ƙashin, dasashi kuma ya lulluɓe su. Lafiyayyen dasashi yana da tauri, yana manne da wuyan haƙori, ba ya jini idan an goge baki. Launinsa yana bin launin fatar mutum, saboda haka a wurin baƙar fata, dasashi mai duhu ba alamar ciwo ba ne.

Tsakanin bakin dasashi da haƙori akwai ɗan rami da ya zagaye haƙorin. A bakin mai lafiya zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne. A riƙe wannan awo da kyau, domin a kansa duk shawarar likita take tsayawa.

Yadda ciwon ke farawa

Ka sa farce ka kankari wuyan haƙorinka da safe kafin ka wanke baki. Za ka ga wani abu fari-fari mai danƙo ya maƙale a farcen. Wannan tarin ƙwayoyin cuta ne da ke rayuwa a kan haƙori, suna ci daga abin da muke ci. Idan suka daɗe a bakin dasashi, sai ya kumbura, ya yi laushi, ya riƙa jini da an taɓa shi.

A 1965 wani likita mai suna Harald Löe da abokan aikinsa suka tabbatar da haka a birnin Aarhus na ƙasar Denmak. Suka sa wasu masu lafiyayyen baki suka daina goge haƙora baki ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda kumburin ya saɓe. Wannan shi ne mataki na farko, kuma tsafta kaɗai tana maganinsa.

Idan aka bar dattin, sai sinadaran da ke cikin yawu su daskarar da shi ya zama tsakuwa mai ruwan ɗorawa ko ƙasa-ƙasa. An fi ganin ta a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Aswaki ba ya cire ta, buroshi ma haka. Ƙwayoyin cuta suna samun maɓoya a jikinta, su riƙa gangarawa ƙarƙashin dasashi. A wajen yaƙar su jiki yakan narkar da zaruruwan nan da ƙashin da ke kewaye da saiwa. Ramin da ke milimita 3 sai ya koma 5, ya koma 7, ko fiye. Kamar bishiyar da ke bakin kwari ce: zaizayar ƙasa tana kwashe abin da ke gindinta kowace damina, ganyenta na nan shar, har ranar da iska kaɗan za ta kayar da ita. Wannan shi ne mataki na biyu, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa.

Abin da ya sa ciwon ke cin mutane a ɓoye shi ne yawanci ba ya zafi. Alamominsa su ne:

- jini a kan aswaki ko buroshi, ko a jikin rake ko goriba idan an gatsa;
- warin baki da ba ya jin wanki;
- dasashi ya janye, haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo;
- mugunya tana fitowa idan an danna dasashi;
- haƙori yana girgiɗa, ko wata sabuwar wushirya ta buɗe a inda da babu.

Mutum biyu ne suka fi shiga hatsari: mai shan taba da mai ciwon suga. Taba tana rage jinin da dasashi ke yi, sai ciwon ya ɓuya, kuma tana hana rauni warkewa. Suga da ba a shawo kanta ba tana ƙara ciwon dasashi, shi ma ciwon yana wahalar da saukar da sugar. Gado yana da nasa rabo, mai juna biyu kuma dasashinta yakan fi saurin kumbura.

Mataki na farko a asibiti: awo da kankara

Ba a fara magani da tiyata, ba a kuma fara shi da leza. Likita zai fara ɗaukar wani siririn ƙarfe mai zanen awo a jikinsa, ya zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, wuri shida a kowane haƙori, yana rubuta zurfin. Zai kuma ɗauki hoton ƙashi don ya ga iyakar ɓarnar.

Daga nan sai abin da muke kira wankin haƙori. Ana kankare tsakuwar da ke sama da wadda ke ƙarƙashin dasashi, da ƙananan ƙarafa na hannu ko da wata na'ura mai karkarwa da ke fesa ruwa. Wasu suna gudun wankin don sun ji an ce yana buɗe tsakanin haƙora ko yana sa su girgiɗa. Gaskiyar ita ce ciwon ne ya riga ya cinye wurin, tsakuwa ta cike gurbin. Da aka ɗebe ta sai ɓarnar ta fito fili.

Bayan makonni shida zuwa wata uku, sai a sake awo. Ramuka da yawa sun rufe a wannan lokaci. Waɗanda suka tsaya a milimita 4 ko 5, yawanci sake kankare su ake yi. Waɗanda suka rage a milimita 6 ko fiye, su ne ake fara maganar tiyata a kansu, domin hannun likita ba ya kai wa ƙarshensu a makance.

Yadda ake tiyatar dasashi

A 1918 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Leonard Widman, ya bayyana hanyar ɗaga dasashi don a kai ga saiwa. A 1974 Ramfjord da Nissle suka gyara ta yadda ba za a yanke nama da yawa ba. Har yau a kan wannan tushe ake aiki.

Ba a sa mutum barci. Allurar kashe zafi ake yi masa a wurin, idonsa biyu. Likita zai tsaga dasashi a gefen haƙoran, ya ɗaga shi, saiwa da ƙashi su bayyana. Zai kankare tsakuwar da ya gani da idonsa, ya ɗebe ruɓaɓɓen nama, ya daidaita bakin ƙashin idan ya yi kwazazzabai. Sannan ya mai da dasashi ya ɗinke. Ana cire zaren bayan mako ɗaya ko biyu.

Inda ciwon ya haƙa rami mai zurfi a cikin ƙashin kansa, tiyata tana ba da damar a sake gina wurin. Ana iya zuba garin ƙashi, ko a shimfiɗa wani siririn mayafi da zai hana nama cike gurbin kafin ƙashi da zaruruwa su tsiro. Masu bincike a Suwidin ne suka nuna yiwuwar aiki da wannan mayafi a jikin mutum a 1982. Wasu daga cikin waɗannan kayan daga jikin majiyyacin ake ɗebo su, wasu haɗin masana'anta ne, wasu daga shanu, wasu kuma daga alade. Majiyyaci yana da haƙƙin ya tambayi asalin abin da za a sa masa a baki, ya kuma nemi madadinsa.

Naƙasun tiyata ba ɓoyayye ba ne. Akwai kumburi da zugi na 'yan kwanaki. Dasashi yakan janye bayan ya warke, wuyan haƙori ya fito, ruwan sanyi ya riƙa ratsa shi. Babban amfaninta kuwa shi ne likita yana ganin abin da yake yi.

Yadda ake aiki da hasken leza

Leza haske ne mai launi guda da aka tattara ƙarfinsa wuri ɗaya, har yana iya ƙona nama ko yanka shi. Theodore Maiman ne ya fara haɗa na'urarsa a Kalifoniya ta Amurka a 1960. Leza iri-iri ce, kuma kowace da abin da ke shanye haskenta. Wadda ake kira Nd:YAG, abu mai duhu ne ke shanye ta, kamar jini da kumburarren nama da wasu ƙwayoyin cuta masu baƙin launi. Ba ta cire tsakuwa. Wadda ake kira Er:YAG kuwa ruwa ne ke shanye ta, kuma tana iya farfasa tsakuwa.

Hanyar da ta fi shahara ita ce LANAP. Wasu likitocin haƙori biyu na Kalifoniya, Robert Gregg da Delwin McCarthy, suka ƙirƙiro ta a shekarun 1990, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka kuma ta ba da izininta a 2004. Ga yadda take:

1. A yi allurar kashe zafi, likita da majiyyaci su sa tabarau na kariya.
2. A zura wani zaren gilashi, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba, cikin ramin. Hasken zai ƙone lalatacciyar fatar da ke cikin ramin, ya rage ƙwayoyin cuta.
3. A kankare tsakuwar da ke jikin saiwa da na'ura mai karkarwa da ƙarafan hannu.
4. A sake zura hasken don jini ya daskare ya toshe bakin ramin.
5. A danna dasashi ya manne da haƙori, a ɗan goge inda haƙora ke karo da juna da ƙarfi.

A lura da mataki na uku. Ko a aikin leza, kankara ce ke fitar da tsakuwa.

Amfanin wannan hanya shi ne babu ɗinki, jini kaɗan ne, majiyyata da yawa kuma sukan ce zafin bayan aiki da sauƙi. Wannan yana da muhimmanci ga mai tsananin tsoron wuƙa da wanda jininsa ba ya saurin tsayawa. Naƙasunta shi ne likita ba ya ganin ƙarshen ramin. Hasken kuma wuta ne: idan aka wuce ƙima ko aka daɗe a wuri ɗaya, yana iya ƙona saiwa da ƙashi. Na'urar tana da tsada, tana buƙatar horo na musamman, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba.

Abin da bincike ya nuna

Izinin hukuma yana nufin an yarda a yi aiki da na'ura. Ba ya nufin ta fi wadda ake da ita. Don sanin wadda ta fi, sai an gwada hanyoyin a kan majiyyata da yawa, an bi su shekaru. A nan tiyata ta yi wa leza nisa, domin an daɗe ana bibiyar sakamakonta.

A 2018 Ƙungiyar Likitocin Dasashi ta Amurka ta fitar da rahoton masanan da ta tara suka duba hujjojin da ke akwai. Suka ce idan aka haɗa leza da kankara, ƙarin amfanin da ake iya samu bai kai milimita ɗaya ba, kuma hujjar da ke hannu ba ta isa a ce leza ita kaɗai ta fi tsohuwar hanya ba. A 2020 tarayyar ƙungiyoyin likitocin dasashi ta Turai ta fitar da jagorar magani, inda ta ba da shawarar kada a ƙara leza a kan kankarar ƙarƙashin dasashi. Akwai ƙananan bincike da suka nuna sabon ƙashi da zaruruwa sun tsiro bayan LANAP, amma haƙoran da aka duba ƙalilan ne. Saboda haka leza hanya ce mai sauƙi a jiki da ta cancanci a ci gaba da nazarinta, amma ba ta kori tiyata ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai wani bincike da ya fi duk waɗannan muhimmanci ga majiyyaci. A shekarun 1970 masana na jami'ar Gothenburg a Suwidin suka yi wa majiyyata tiyata ta hanyoyi biyar daban-daban. Waɗanda aka ci gaba da tsaftace wa baki a kai a kai sun warke, ko wace hanya aka bi. Waɗanda aka bar datti ya sake taruwa a bakinsu kuwa, ramukan sun dawo, ko wace hanya aka bi. Shi ya sa jagorar Turai ta ce kada a yi tiyata ga wanda bai riƙe tsaftar bakinsa ba tukuna.

Karatu: A ɗakin likitan haƙori

"Likita, ɗana ya ce akwai wata na'ura mai haske da ke maganin wannan ciwo ba tare da yanka ba. Ita nake so."

"Akwai ta, Baba. Amma bari in nuna maka awonka. Wata biyu da suka wuce, ramuka sun cika bakin nan. Da muka kankare, ka kuma dage da gogewa, yawancinsu sun rufe. Saura turame biyu na ƙasa, inda zurfin ya kai milimita 7."

"To, ba sai a haska musu ba?"

"Ana iya yi. Sai dai hoton ya nuna ciwon ya shiga tsakanin saiwoyin turamen, ya haƙa ƙashi. Irin wannan wuri na fi son in buɗe in gani da idona. Da ramin bai shiga ƙashi haka ba, da mun zauna mun auna hanyoyin biyu."

"Idan an yi, shi ke nan na rabu da shi?"

"A'a, Baba. Ciwon nan ana shawo kansa ne, ba a sallamarsa. Sai sugarka ta sauka, sai ka ajiye taba, sai kuma ka riƙa zuwa duk wata uku muna dubawa."

"Allah ya ba mu iko."

"Amin, Baba. Allah ya ƙara lafiya."

Tambayoyin da za ka yi wa likita

- Nawa ne zurfin ramukan, kuma a waɗanne haƙora?
- An gama kankara an sake awo, ko tun farko ake son a yi babban aiki?
- Me ya sa wannan hanya ta fi dacewa da bakina?
- Idan leza ce, wace iri ce, kuma wane horo aka samu a kanta?
- Nawa ne kuɗin aikin duka, har da zuwan da za a yi bayansa?

Ka faɗa wa likita duk maganin da kake sha, musamman na tsinka jini, da na hawan jini, da na farfaɗiya, domin wasu daga cikin na hawan jini da na farfaɗiya suna sa dasashi ya yi kauri.

Kula da baki kullum

A goge haƙora sau biyu a rana da buroshi mai laushi da makilin, musamman kafin barci. A karkata bakin buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, a goga a hankali, ciki da waje. Mai amfani da aswaki ya tabbata ya kai shi turame da bayan haƙora, ya kuma riƙa yanke kan da ya tsufa. A tsaftace tsakanin haƙora da zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshi. Ganin jini ba dalilin daina gogewa ba ne, dalilin gyara gogewar ne da zuwa asibiti.

Ruwan gishiri mai ɗumi da kanumfari suna rage raɗaɗi, amma ba sa cire tsakuwa. Sayen ƙwayoyin kashe cuta a kemis ba tare da likita ba yana lafar da kumburi na ɗan lokaci, tushen ciwon yana nan. Kada a ɗora ƙwayar magani a kan dasashi, kada a ɗiga masa fetur ko ruwan batir, domin ƙona nama suke yi. Wankin haƙori ana samunsa a sashen haƙori na manyan asibitocin gwamnati da asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Maiduguri, kuma shi ne abin da yawancin masu wannan ciwo suke buƙata.

Taƙaitawa

Dattin da ke taruwa a wuyan haƙori shi ke kawo ciwon dasashi. Magani yana farawa da tsafta da kankara. Ramin da ya rage a milimita 6 ko fiye shi ake yi wa ƙarin aiki. Tiyata tana ba likita damar gani da sake gina ƙashi, kuma hujjarta ta fi ƙarfi. Leza ta fi sauƙi a jiki, amma ba a tabbatar ta fi tiyata ba. Kowace aka zaɓa, tsaftar yau da kullum da komawa asibiti su ne ke sa aikin ya ɗore.

Tambayoyi

1. Nawa ne zurfin ramin lafiyayyen dasashi?
2. Me binciken 1965 na Denmak ya tabbatar?
3. Kawo alamomi huɗu na ciwon dasashi.
4. Me ya sa taba take ɓoye ciwon?
5. Faɗi amfani ɗaya da naƙasu ɗaya na tiyata, da kuma na leza.
6. A cikin karatun, me ya sa likita ya zaɓi tiyata ga turamen Baba?

Aikin yi

1. Ka duba bayan haƙoranka na gaba na ƙasa a madubi. Rubuta abin da ka gani cikin jimla uku.
2. Ku kasu gida biyu a aji. Gida ɗaya ya kare tiyata, ɗaya ya kare leza, kowa da hujjojin da ke cikin darasin.
3. Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga wani ɗan'uwanka da dasashinsa ke jini, ka bayyana masa abin da ya kamata ya fara yi.